An sa kwamfuta a asibiti amma har yanzu ana neman fayil

Ɗan'uwa ka tambaya me ya sa asibitin gwamnati na da kwamfuta amma sai an nemo maka fayil, to ai abu biyu ne. DHIS2 ɗin da ake yawan faɗa, wato tsarin kwamfuta na tattara bayanan lafiya wanda Jami'ar Oslo ta ƙirƙiro, alƙaluman wata-wata yake tarawa, masu maleriya nawa, haihuwa nawa, yara nawa aka yi wa rigakafi, daga ƙaramar hukuma har Abuja, ba tarihin ciwonka bane a ciki. Wadda likita zai buɗe ya ga gwajinka da magungunanka manhaja ce daban, ita kuma sai da wuta da netwok, in NEPA ta ɗauke babu sola dole a koma takarda. Don Allah ka adana lambar katinka, da ita ake nemo bayananka.