Ƙanena mai tambayar kilomita 200 a mako, ka saurare ni

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena da ya yi tambaya jiya da daddare, wanda ya ce yana gudun kilomita 60 a mako, yana shirin gudun yada ƙanin wani na Legas a watan Fabrairu, kuma ya karanta cewa manyan 'yan gudun Kenya suna yin 200 zuwa sama, wai ko shi ma ya ɗaga nasa zuwa 150 a wata ukun da suka rage. Wallahi tun da na karanta saƙon nan raina bai kwanta ba. Na ga har wasu sun ce maka ka daure, haka maza suke yi. Don girman Allah kada ka ɗauki wannan magana. Irinta ce ta kwantar da ni.

Lissafin da ka gani ba ƙarya ba ne. Eliud Kipchoge yakan yi wajen 200 zuwa 220 a mako in yana shirin gasa. Marigayi Kelvin Kiptum ya ma fi haka, kocinsa ya ce yakan yi 250 zuwa 280, wani makon ya haura 300, kafin ya gama kilomita 42.195 cikin awa 2 da daƙiƙa 35 a Shikago a 2023. Amma kocin nan da bakinsa ya ce yana fargabar yaron zai ji rauni, yana ta ce masa ya sassauta. Wannan ɓangaren ba a cika yaɗa shi ba. Shi kuwa Kipchoge, tun 2003 ya ci gasar duniya ta mita 5,000 a Faris yana ɗan shekara 18, bai shiga dogon gudun nan ba sai 2013 a Jamus. Shekara goma ƙafafunsa suna shan aiki kafin ya fuskanci abin da kake so ka fuskanta da shirin wata uku.

Ni wani mutum ne ya gama da ni, wanda yake ba mu horo a filin da muke atisaye. Ba zan kama suna ba, tsofaffin cikinmu sun san shi. Ina yin wajen 70 a mako lafiya ƙalau, ya zo da takarda wai jadawalin 'yan Kenya ne, ya ce duk wanda bai bi ta ba ya daina zuwa masa fili. Kafin wata ya zagayo na wuce 130. Da asuba kwalta, da yamma fili, kuma ba ranar sassarfa, kullum gudun ceton rai. Yana binmu a baya kan babur yana danna oda, in ka rage sauri ya kira sunanka da ƙarfi a gaban yara. Da ƙwaurina na hagu ya fara ciwo na gaya masa, ya ce ƙafa ce take nuna, in shafa man zafi. Na sake gaya masa ciwon yana tashina cikin dare, ya ce ciwon raggo ne, shi da yana gudu ko zazzaɓi ba ya hana shi fita.

Ranar da abin ya faru muna kan hanyar Daura, mun yi nisa da gari, gari bai gama wayewa ba. Sai na ji kamar an soka min ƙusa a ƙashi. Na sake takawa, ƙafar ta ƙi ɗaukata. Na zauna a gefen titi cikin ƙura, ina riƙe da ƙwaurin da hannu biyu, sanyin hunturu yana shiga rigar da gumi ya jiƙa har haƙorana suna haɗuwa. Mutumin nan ya iso, ko sauka daga babur bai yi ba. Ya dube ni ya ce in na gama shagwaɓa in same su a fili. Ya ja babur ɗinsa ya tafi. Ina kallon jar fitilarsa ta baya har ta ɓace. Ba waya a jikina, ba ko sisi. Wani dattijo mai amalanken shanu da ya ɗauko kara ne ya tsaya, ya kama ni ya ɗora a kan karan, ya cire mayafinsa ya rufa min, ya kai ni inda zan samu abin hawa. Allah Ya saka wa bawan Allah nan da Aljanna.

A asibiti likita ya ɗora babban yatsansa a wuri ɗaya tak, na yi ƙara. Hoto ya nuna ƙashin ya tsage. Kun san sana'ata ɗinki ce, kuma kekena na ƙafa ne. Watanni ina zaune, ɗinkin mutane ya taru na riƙa mayar musu da yadinsu ina ba su haƙuri, salla a zaune, banɗaki sai da sanda. Mai ɗakina ce ta riƙe gidan da ɗan abin da take sayarwa. Shi kuwa ko sannu bai aiko ba, gidana kuma ya san shi. Abin da ya fi ƙona min rai, labari ya dawo min cewa yana gaya wa yaran fili wai ba ni da zuciya, shi ya sa na gudu. Har yau in na hango shi a wajen ɗaurin aure sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

To ƙanena, abin da likitan nan ya fahimtar da ni shi ne numfashi da zuciya suna saurin sabawa da gudu, ƙashi da agara kuwa a hankali suke ƙarfi. Shi ya sa za ka ji kamar kana iya ƙarawa alhali ƙafa ba ta shirya ba, kamar a ɗora bene kan bulon da bai bushe ba.

Kuma ka dubi yadda su 'yan Kenyan suke yin kilomitocin nan. Mafi yawansu, kusan kashi 80 cikin 100, a sannu suke yi, har suna hira. Mai zafin kwana biyu ne ko uku a mako. Kipchoge a sansanin Kaptagat yake kwana daga Litinin zuwa Asabar, gudu ne aikinsa, in ya dawo ya ci abinci ya kwanta da rana, akwai mai yi masa tausa. Wurin yana kan tudu kusan mita 2,400, da sanyi, kuma a kan burji suke yawan gudu. Kai kuma in ka dawo wanka za ka yi ka nufi kasuwa ko ofis ka wuni a tsaye. Ka yi lissafi ma: mai yin kilomita ɗaya a minti 4, 200 za ta ɗauke shi awa 13 da minti 20. In kai minti 6 kake yi, awa 20 ke nan kana dukan ƙasa da ƙafa. Ka ga ka fi shi wahala, ba ka kuma samu hutunsa ba.

Ba na cewa ƙarin kilomita ba ya da amfani. Yana da shi, wanda ya saba da 90 zai fi mai 50 ƙarfi bayan an wuce kilomita 30, wannan kowa ya shaida. Amma daga 60 ɗin nan ka riƙa ƙara 5 ko 6 a mako, in ka yi mako uku kana hawa, na huɗu ka sauko ka huta. In ka kai 80 kafin Janairu ya ishe ka gama Legas da mutuncinka. Dogon gudu sau ɗaya a mako, ka ja shi a hankali har 30 ko 32, kada ka wuce. Mako biyu zuwa uku kafin gasar ka rage sosai.

Takalmi kuma. Na san yawancinmu na gwanjo muke saye, ba laifi, amma ka juya ƙasansa ka duba, in gefe ɗaya ya cinye ko ka matsa ka ji ya mutu, ka bar shi ko da samansa yana sheƙi. Nawa na wancan lokaci diddigensa ya karkace, mutumin nan yana gani bai taɓa cewa komai ba. Ka nemi hanyar burji ko gefen gona ka rage kwalta. Sai dai kada ka fita bayan gari kai kaɗai da duhu, ka san halin da ake ciki, ku tafi ku uku ko huɗu, da waya da ɗan kuɗin mota a aljihu.

Legas kuma ba Katsina ba ce. Nan yanzu iska a bushe take, can kuwa zufa ba ta bushewa a jiki, za ka ji rigarka ta yi nauyi. Ka saba wa cikinka shan ruwa kana cikin gudu tun yanzu. Ka ci abinci ka ƙoshi, tuwo, wake, ƙwai, fura da nono, 'yan Kenyan ma can tuwon masara da shayi da madara ne abincinsu. Masu tsaya maka a hanya suna tambayar wa ya koro ka, ka gaishe su ka wuce, mun sha wannan.

In ka ji ciwo a wuri ɗaya a ƙashi wanda za ka iya nunawa da yatsa, ko ka yi tsalle da ƙafa ɗaya ka ji ya soke ka, ka tsaya ranar nan ka je asibiti. Kada ka fara da mai ɗori, kada kuma ka sha maganin kashe ciwo ka fita. Hoton farko ma wani lokaci ba ya nuna tsagewar, don haka in ciwon bai tafi ba ka koma.

Ka amsa min a nan, shekara nawa ka yi kana gudu, kuma waye yake tsara maka atisaye? Ranar Asabar bayan sallar asuba muna haɗuwa wajen Ƙofar Kaura, in sha Allahu. Ka zo da takalmin da kake gudu da shi in duba maka.