Tambaya da Amsa: Maganar cen da sifoket na mashin

Tambaya: Salam malam, don Allah mashin ɗina 125 ne, cen ɗin ya ishe ni da ƙara, in na ɗaure yau bayan kwana biyu ya sake saki, yanzu har ajasta ta kai ƙarshe babu sauran wajen ja. Bakanike ya ce a yanke gaɓa biyu a ci gaba da lallaɓawa, abokina kuma ya ce in sayi sabon cen kawai in bar sifoket tunda haƙoran suna nan. Wanne zan bi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya ko ɗaya kar ka bi. Cen ɗinka ya mutu, kuma da wuya ya mutu shi kaɗai.

Abin da mutane ke cewa cen ya miƙe, ba wai ƙarfen ne ya tale ba, 'yan ƙusoshin da suka haɗa gaɓa da gaɓa ne suka cinye tare da ramukan da suke juyawa a ciki, sai kowace gaɓa ta ƙara ɗan tsawo kaɗan, in ka tara gaɓa ɗari da wani abu kaga tsawon ya zama babba. To in ka yanke gaɓa biyu ka rage tsawon cen ɗin gaba ɗaya ne kawai, amma tazarar da ke tsakanin gaɓoɓin tana nan yadda ta lalace, ba za ta zauna daidai a cikin haƙori ba, sai cen ya riƙa hawa kan bakin haƙoran yana gwaguyarsu har wata rana ka taka giya ya yi tsalle ya fita. In ya faɗo ƙasa ka gode Allah, don wani lokacin naɗewa yake a sifoket ɗin gaba ya fasa jikin inji, ko ya maƙale tayar baya kana cikin gudu.

Shi kuma sabon cen a kan tsohon sifoket, haƙoran sun riga sun cinye daidai da tsohon cen, sabon zai shigo da tazararsa ta kamfani ya tarar da gurbi ba nasa ba, nauyin ja sai ya koma kan 'yan haƙora kaɗan maimakon ya rarrabu, nan da nan ya bi sawun tsohon. Shi ya sa ake sayar da su uku a kwali ɗaya, cen da sifoket ɗin gaba da na baya.

Ga yadda za ka gwada da hannunka. Je bayan sifoket ɗin baya, daidai tsakiyar inda cen ya zagaye shi, ka kama gaɓa ɗaya ka ja ta baya. Lafiyayyen cen da kyar zai motsa. In ya ɗago har kana hango rabin haƙori a ƙarƙashinsa to an gama. Sannan ka kalli haƙoran, na sabo bakinsu a ɗan daƙile yake kuma gefe da gefe iri ɗaya ne, na tsoho sun yi tsini sun karkata gefe guda kamar ƙugiya. Kuma ka daure ka kwance murfin sifoket ɗin gaba ka leƙa, shi ne ake mantawa da shi don a ɓoye yake, alhali ya fi saurin ci, tunda ƙarami ne yana zagayawa wajen sau uku kafin na baya ya yi ɗaya. Mai son awo da tef, gaɓa 20 ta sabon cen 428 milimita 254 ce daga tsakiyar ƙusa zuwa tsakiyar ƙusa, in ta doshi 259 a jefar.

Tambaya: Malam na ga ana rubuta 420, 428, 428H, 520 a jikin kwali, wani kuma an sa O-ring, me suke nufi? Mai babbar lamba ya fi ƙarfi in saya shi?

Amsa: A'a fa, lambar awo ce, dole ta yi daidai da sifoket ɗinka. Lambar farko tazarar ƙusa zuwa ƙusa ce, 4 na nufin rabin inci wato milimita 12.7, ita kuma 5 milimita 15.875. Biyun ƙarshe faɗin cikin cen ne inda haƙori yake shiga. Don haka 520 ba zai hau sifoket ɗin 428 ba ko me za ka yi, 420 kuma ya yi wa haƙorinsa matsatsi. Yawancin mashina 125 zuwa 150 da 428 suke zuwa, manya su ne masu 520, 525 da 530. Duba gefen tsohon cen ɗinka, lambar na buge a jiki in ka goge datti, sannan ka ƙirga gaɓoɓinsa kafin ka je saye. H ɗin nan kuwa faifan gefen ne suka fi kauri, ga mai ɗaukar kaya ko mutum biyu kullum ni shi nake ba da shawara.

Mai O-ring ko X-ring akwai 'yan zobban roba tsakanin faifan da ke riƙe giris a cikin gaɓa su hana ƙura shiga, yana daɗewa sosai fiye da gama-gari, sai dai ya fi tsada kuma ya fi faɗi kaɗan, a ƙaramin mashin mai rufaffen gidan cen sai an duba ko ba zai goga ba. Sunaye irin su DID da RK na Japan ko Regina na Italiya sun yi suna, kuma sunan nan ne ya sa jabunsu ya yi yawa, in ka ga arha ta wuce hankali ka ja baya. Sifoket ɗin baya ka sayi na ƙarfe, na alminiyon na 'yan tsere ne masu neman rashin nauyi, ci yake da wuri.

Tambaya: Oga ina ɗaukar kaya masu nauyi kuma hanyata akwai hawa, mashin yana nishi. An ce in canza girman sifoket.

Amsa: Zai taimaka, amma ka san ciniki ne, ka samu nan ka rasa can. Raba haƙoran baya da na gaba, misali 42 da 14 ya ba ka 3. In ka sa na baya 45 ya zama wajen 3.2, mashin zai fi ƙarfin tashi da hawa, gudun ƙarshe ya ragu, inji ya riƙa kuka a doguwar hanya ya ƙara shan mai. Rage haƙori ɗaya a gaba kusan daidai yake da ƙara uku a baya, mutane sun fi son haka don ya fi sauƙi, ni dai na fi son a ƙara na baya, saboda ƙaramin sifoket a gaba yana lanƙwasa cen da yawa ya kashe shi da wuri. Ka tuna babban sifoket zai iya neman ƙarin gaɓa biyu.

Tambaya: Ina so in canza da kaina a gida, ina da sifana da filaya, daga ina zan fara?

Amsa: Fara da sassauta notin sifoket ɗin gaba tun tsohon cen yana jiki, wani ya taka maka birkin baya, in ka riga ka cire cen sifoket ɗin zai yi ta juyawa ne kana bin sa. Sai ka kafe mashin a jak ɗin tsakiya ka fitar da taya. Tunda ka buɗe, duba robobin da ke cikin hob, wato tsakiyar tayar baya, a bayan sifoket, in sun farfashe ko sun yi laushi su ne ke sa ka ji ƙwas lokacin tashi, canza su. Notinan sifoket ɗin baya a ɗaure su a gicciye, wannan sannan wanda ke fuskantarsa a ɗaya gefen, in akwai 'yan faifan da ake lanƙwasawa a jikin noti a mayar da su yadda suke.

Wajen da aka fi kuskure shi ne makullin mahaɗi, ɗan siririn ƙarfen nan mai baki buɗe. Rufaffen kansa shi zai kalli inda cen yake tafiya, buɗaɗɗen bakin yana bin baya, in ka juya shi wani abu na taɓa shi zai fice. Da filaya za ka tura shi har ka ji ya faɗa gurbinsa, ba da guduma ba. Manyan mashina ba ma a sa musu wannan, dasa kan ƙusar ake yi da na'urarsa.

Sai ɗauri. Ja ajasta ta hagu da ta dama daidai wa daida, akwai zane-zane a jikin ƙarfen da ke riƙe da taya, ka ƙirga su kowane gefe, in taya ta karkace cen zai riƙa cin gefen haƙora. Juya tayar a hankali ka nemo inda cen ya fi tauri, a nan za ka auna, a tsakiyar layin ƙasa ya riƙa wasa sama da ƙasa kamar milimita 20 zuwa 30 a yawancin mashinan titi, na daji sun fi haka, littafin mashin ɗinka shi ne alƙali. Don Allah kar ka ɗaure shi tamau wai don ya daina ƙara, in mutum ya hau shokazoba ta danne cen ƙara tauri yake, sai ya kashe maka boris da sil ɗin da ke bayan sifoket ɗin gaba, mai ya fara yoyo. Bayan ka ɗaure babban notin tayar baya ka sake aunawa, ka gyara birkin baya tunda taya ta matsa, sannan bayan 'yan tafiye-tafiyen farko ka sake dubawa don sabon cen yana ɗan saki.

Tambaya: Baƙin man da aka juye daga inji ya halatta a zuba wa cen?

Amsa: Ya fi a bar shi a bushe, amma akwai garin ƙarfe da datti a cikinsa, kuma tsinkakke ne, fantsama yake ya ɓata taya. Man giya mai lamba 80 ko 90 ko feshin da aka yi don cen sun fi. Wanke da kananzir da tsohon buroshi, kar ka sa fetur musamman a mai zoben roba, ka shafa mai ta cikin cen bayan ka dawo daga tafiya yana da ɗumi, kamar duk kilomita 500 ko bayan ruwan sama ya doke shi. Kuma inji a kashe, da hannu za ka juya taya. Masu sa giya su bar taya na juyawa suna goge cen da tsumma, tsumman ne ke fara shiga sifoket ya ja yatsu.