Tana da Gudu, Juyawa ce Ba Ta Iya Ba

Yarona, ka ce bakteriyar E. coli ɗin da aka cire wa ƙwayar gadon cheY tana sheƙa gudu a ƙarƙashin madubin duba ƙananan halittu, amma da ka soka ta a tsakiyar farantin aga mai laushi, wato jelin da ake renon bakteriya a ciki, sai ta maƙale a wurin, ba ta bazu ta yi zoben da lafiyayyar take yi ba. Kana tambaya ko farantin ne ya lalace. Farantinka lafiyarsa ƙalau. Gudu tana da shi, juyawa ce ba ta iya ba.

Kowace jela a jikinta, wato siririn zaren da take iyo da shi, tana da inji a gindi. Furoton, wato ƙwayar haidurojin mai caji, da ke kwarara ta cikin furotin ɗin MotA da MotB shi ke juya shi, a ƙasansa kuma akwai zoben furotin iri uku, FliG da FliM da FliN, wanda shi ne giyar injin. In ya juya saɓanin hannun agogo, jelolin sai su tufke wuri ɗaya su tura ta gaba, kamar na daƙiƙa guda. In ya juya yadda hannun agogo ke tafiya, tufkar ta warware, ta yi 'yar wuntsilawa, ta tashi tana fuskantar wani gefen. Howard Berg da Douglas Brown ne suka bi sawun wannan tafiya a 1972.

Mai taɓa giyar nan shi ne furotin ɗin CheY, kuma ba ya taɓa ta sai wani furotin, CheA, ya ɗora masa ɗan sinadarin fosfet. Da ya ɗauka sai ya je ya manne wa FliM, inji ya sauya. CheZ kuwa aikinsa sauke masa fosfet ɗin. To idan abin da take so, misali sinadarin asfatet, ya hau kan Tar, ɗaya daga masu jin ƙanshin da ke goshinta, CheA yakan yi sanyi, CheY mai fosfet ya ragu, gudun ya yi tsawo. Ka riƙe wannan da kyau, don nan masu koyo ke tuntuɓe: ba hango abinci take yi ta karkata wajensa ba. In abu na ƙara daɗi ta jinkirta wuntsilawa, in ba ya ƙaruwa ta wuntsila ta gwada wata hanya. Taka ba ta da CheY, saboda haka da ta kutsa wani lungu a cikin aga, ba ta da dabarar fitowa.

Abin da ya fi burge ni a aikin nan shi ne CheR da CheB. Na farko yana ta liƙa wa masu jin ƙanshin ɗan sinadarin metil ba tsayawa, na biyu yana ɓamɓarewa, amma sai CheA ya ba shi fosfet yake zage damtse. Wannan ja-in-ja yana tafiya a hankali, shi ya sa take iya kwatanta abin da take ji yanzu da na 'yan daƙiƙun baya. Halittar da ba ta wuce maikiromita 2 (kashi biyu cikin dubu na milimita) ba, ga ta da tunawa.

Kada ka yanke hukunci da faranti kaɗai. Wadda aka cire wa cheZ ita ma ƙaramin tabo za ta ba ka, alhali cutarta kishiyar ta wannan ce: wuntsilawa take yi ba hutu. Madubi ne zai raba maka su. Kuma ranar da aka ba ka wata bakteriyar, Bacillus subtilis, kada ka ɗora mata wannan lissafi, a wurinta CheY mai fosfet shi ke sa gudu.

Gobe ka zuba sabon faranti, aga kashi 0.3 cikin ɗari, ban da gulukos domin yana danne ƙera jela. Ka soka ukun, lafiyayyar da marar cheY da marar cheZ, a gefe-gefe, ka ajiye a digiri 30, kada ka kife shi. Kuma ka daina girgiza kwalbar da ƙarfi kafin ka ɗiga a gilashi, jelolin karyewa suke yi.