Mujallun intanet da muka biya wa kuɗi: a ba su lambar rajista kamar littattafai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen katalog na laburaren wata jami'a. Bana mun biya kuɗin rumbunan mujallun intanet na EBSCOhost da JSTOR, muna kuma shiga na Research4Life. Shugabanmu ya ce kafin masu tantance kwasa-kwasai su iso, mu shigar da kowace mujalla cikin Koha, manhajar katalog ɗin laburarenmu, mu ba ta lambar rajista kamar littafi. Mu uku ne kacal, mujallun kuwa dubbai. Wallahi barci ya ƙaurace mini. Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, kwantar da hankalinki, ba da hannu ake wannan aiki ɗaya bayan ɗaya ba. Ki nemi kamfanin kowane rumbu ya ba ku bayanan MARC (rikodin katalog na kwamfuta) ko jerin KBART (jerin mujallu da shekarunsu da adireshinsu) na abin da kuka biya. Ki gyara su a manhajar MarcEdit, ki loda su Koha a dunƙule, ki sa wa kowane rukuni alamar kamfaninsa a wani fili na 9XX (filayen rikodin MARC da aka bar wa kowane laburare) domin ki iya cire shi gaba ɗaya in buƙata ta taso. Mujalla ɗaya, rikodi ɗaya, ko da tana rumbuna uku. Sai ki jera adireshin kowane rumbu a fili na 856, wato filin adireshin intanet. ISSN, wato lambar shaidar mujalla, na bugun intanet daban yake da na takarda, shi zai hau fili na 022, ki haɗa shi da na takardar ta fili na 776.

Amma batun lambar rajista, a nan nake so ki tsaya kai da fata. Wannan ita ce cutar da nake karo da ita kullum. Mutane sun ɗauka da zarar an biya kuɗi, mujallar ta zama tamu kamar littafin da ke kan kanta. Haya ce fa, Malama. Mai mujalla na iya janye kayansa daga EBSCOhost a tsakiyar shekara ba tare da ya yi miki sallama ba. Wasu mujallun kuma an tsare sabbin fitowarsu na wata 12. JSTOR yawanci yana barin tazarar shekara 3 zuwa 5 tsakanin abin da yake da shi da fitowar yau. Ranar da jami'a ta kasa sabunta biya, ƙofa ta rufe. To, wa za ki nuna wa mai binciken kaya in ya zo da littafin rajista yana neman lamba ta dubu kaza?

Na taɓa ganin ɗalibar digiri na biyu ta zo da takarda a hannu, ta rubuto sunan mujalla daga katalog ɗinmu, idonta ya cika da hawaye. Sati biyu tana latsa adireshin, shafi yana fitowa fayau. Da muka bincika, wani ne ya kwafo adireshin daga saman burauza tare da lambar wucin gadi ta shigar da ya yi a ranar, ga shi kuma mujallar ta bar rumbun tun bara. An yi hakan ne don adadi ya yi yawa a gaban baƙi. Baƙin sun tafi, ɗalibai suka ci gaba da shan wahala.

Saboda haka adireshi na dindindin kawai za ki sa, wanda JSTOR da EBSCOhost suke bayarwa a shafin kowace mujalla. A cikin 856 ki rubuta shekarun da kuke iya buɗewa, da tazarar da aka tsare. Kowane wata ki sauko da sabon jeri, ki cire abin da ya fita, ki ƙara abin da ya shigo.

Shi kuwa shugaba, ki kai masa takardar yarjejeniyar biyan kuɗin, da jerin mujallun, da rahoton yawan amfani na COUNTER, ƙa'idar da kamfanonin ke bi wajen ƙidaya. Ki roƙe shi cikin ladabi ya gabatar da waɗannan ga masu tantancewa, a bar littafin rajista ga abin da kuka mallaka.