Mayar da bayani zuwa shafin baya a Swift

Malam, ka ce a manhajar da kake rubutawa da Swift (harshen rubuta manhajojin iPhone), sunan da aka rubuta a shafi na biyu ba ya dawowa na farko. Tura bayani gaba ba ya bukatar delegate (wakilin da shafi ke kira don ya isar da saƙo ga wani shafi), cikin prepare(for:sender:), aikin da ake kira kafin a wuce shafi na gaba, ake miƙa shi. Dawo da shi ne aikin delegate.

Rubuta protocol (jerin ayyukan da wakilin zai yi) mai gadon AnyObject, shafi na biyu ya riƙe weak var delegate, ya kira shi kafin ya rufe. Ina kyautata zaton ka manta ka sa delegate = self daga shafin farko. Ni ma ya taɓa cinye min yini guda, don in nil ne, wato ba a sa masa komai ba, delegate? shiru yake yi, ko gargaɗi babu. Kada ka cire weak ɗin, shafukan na iya riƙe juna su ƙi barin ƙwaƙwalwar waya.