Amsar tambayar ƙanwata a kan ginin tukwane da zanensu

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Ƙanwata da ta tambaya jiya yadda na shiga ginin tukwane, da dalilin da ya sa zanena bai cika yawa ba, ki yi haƙuri, hannuna duk yumɓu ne, shi ya sa na ce bari in yi murya.

Ni dai a wajen kakata na gani, a ƙauyenmu ta hanyar Dass. Ina yarinya aikina ɗaya ne, in daka tsingaro. Fasasshiyar tukunya za ki samu ki dake ta ta koma kamar tsaki, a cuɗa da sabon yumɓu, don kada kayan su tsage in sun sha wuta. Na fi shekara ina wannan dakan kafin ta bari na gina ko da asusu. Da aure ya kawo ni cikin Bauchi sai na ajiye, kin san yadda ake kallon sana'ar. Abin da ya dawo da ni, wallahi, naira 20 ce. Ɗana ya dawo daga makaranta ya ce, Umma, matar nan da ke bayan kuɗin nan aikinki take yi. Ladi Kwali ke nan, Bagwariya, wadda ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Bature Michael Cardew a 1954, a tsohuwar Abuja da yanzu ake kira Suleja. Har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Ranar na daɗe ina juya takardar nan a hannuna.

To, batun zane. Ni kafin in ja layi ɗaya sai na tambayi kaina, wa zai ɗauki abin nan, kuma a ina hannunsa zai sauka? Tulu, a kafaɗa da wuya nake murza totuwar masara tun yumɓun yana da ɗan danshi. Ya yi kyau, e, amma ainihin amfaninsa jiƙaƙƙen hannu ba zai zame ba. Randa kuwa ba na goge cikinta da jikinta har su toshe, balle in shafa mata fenti. Wannan zufar da take yi ita ke sanyaya ruwa. Kin shafe ta da fenti, kin kashe ta, ta zama bokiti. Abin nan yana ci mini rai in na gani a kasuwa.

Tandar masa ma haka. Mu Bauchi ba a gaya mana masa. Cikin ramukan ba zane ko ɗaya, dutse mai santsi nake sawa in yi ta guga har ya yi sheƙi, in ba haka ba ƙullu zai kama. Adon sai a baki.

Inda nake sakin hannuna shi ne kaskon turaren wuta. Nan kam in huda, in yanka, in shafa jan ƙasa, in ya fito daga wuta da zafinsa in yayyafa masa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, ya yi duhu-duhu mai kyau. Hujin ma iska ce ke bi ta ciki ta riƙe garwashi.

Kin ce kina son koyo. Ki zo ranar Asabar da safe, ki sako tsohon zani, kuma ki yanke farce.