Filin Tambaya da Amsa: Koya wa Matasa Kula da Kayan Tarihi

Tambaya: Assalamu alaikum. An haɗa ni da matasa biyu da suka gama karatun tarihi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, in koya musu aikin kula da kayan tarihi. Kuɗinmu kaɗan ne. Ta ina zan fara da su? Mai karatu, daga Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ɗora musu tarihin Daular Usmaniyya gaba ɗaya, ya fi ƙarfinsu. Zaɓa musu unguwa ɗaya da sana'a ɗaya, misali jima da dukanci, tunda jar fatar akuyar Sakkwato sananniya ce kuma masu aikinta suna nan. Kayan kada su wuce ashirin, aikin kuma wata uku.

Kai za ka kai su gaisuwa wurin mai unguwa da shugaban masu sana'ar. Daga nan ka ja baya, su riƙa tambaya da bakinsu. Babban kuskuren masu koyarwa shi ne karɓe magana da zarar yaro ya yi in'ina a gaban dattijo.

Kafin a yi zancen baje koli, rajista tukuna. Kowane abu a ba shi lamba mai kashi uku, kamar 2025.3.1, wato shekara, rukunin da ya zo a ciki, da matsayinsa a rukunin. A rubuta sunansa yadda masu shi ke kiransa, wanda ya yi shi, abin da aka yi shi da shi, tsawo da faɗi, da duk lahanin da ya zo da shi. A ɗauki hoto da rula a gefensa. Idan aro ne, takarda biyu da sa hannu da ranar mayarwa, ɗaya ta zauna wurin mai kaya. Rashin wannan takarda ne ke sa gida ya rufe ƙofarsa ga duk mai zuwa daga baya.

Rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami sun fi komai bukatar natsuwa, domin warwara suke, ba ɗinkakku ba. In aka buɗe tadarishi, wato murfin da ke rufe takardun, a bar jerinsu yadda aka same shi. Kalmar da ke can ƙasan shafi ita ce farkon shafi na gaba, da ita ake gane ko takarda ta ɓata. Fensir kawai, ban da biro. Salatef kuwa kada ya kusanto, gamsa yana rina takarda, haka ma manne ta cikin leda da zafi. Ka kai su Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu su ga yadda ake jera irin waɗannan.

Yanayinmu ma abin lura ne. Hunturu yana busar da fata har ta tsage, damina ta kawo danshi da gara. Kada su shafa wa tsohuwar gafaka mai, ƙura yake kamawa. A naɗe ta da farin alawayyo wankakke marar sitaci, ba jarida ba, a ɗora ta a kan kantar ajiya nesa da ƙasa da bango, a riƙa dubawa kowane mako.

Tambaya: To ranar nuni fa, wa zai rubuta bayanin kaya?

Amsa: Su ne. Kada bayani ya wuce kalma hamsin, da boko da ajami, saboda dattawa da almajirai. Su karanta wa mai kayan kafin a liƙa, ya gyara musu. Zaure ko ajin makaranta ya isa, muddin rana ba ta dukan takarda da rinanniyar fata, domin haske yana kashe launi kuma ba ya dawowa. Ka zauna da su sau ɗaya a mako, ka buɗe rajistar, ka ɗauki lamba uku ka ce su kawo maka kayan.